Fassara wasiƙa zuwa ga mai laƙabin Mx

A Ingila, fom ɗin bankuna da yawa da na lasisin tuƙi suna ɗauke da laƙabin Mx kusa da Mr da Mrs. Ana furta shi "miks" ko "maks". Masu amfani da shi su ne waɗanda ba sa ɗaukar kansu maza ko mata, da kuma waɗanda ba sa so laƙabi ya nuna jinsinsu. Ƙamus ɗin Oxford ya shigar da shi a 2015.

Da na fara mayar da wasiƙun asibiti zuwa Hausa ga irin waɗannan mutane, na bar Mx yadda yake. Malam ko Malama sukan sauya abin da mutum ya zaɓa. Idan akwai Dakta, Farfesa ko Injiniya, su nake sawa, don ba sa rarrabe jinsi.

Wahalar tana cikin jimla. Hausa ba ta cika barin ka yi wa mutum ɗaya magana ba tare da "ka" ko "ki" ba, haka ma "sunanka" da "sunanki". Hanya biyu suka fi yi mini aiki. Ta farko ita ce "a": "A zo da katin asibiti ranar Litinin da ƙarfe 9." Ta biyu ita ce "ku", wanda dama muke yi wa manya don girmamawa: "Ku kawo magungunanku." Mai karatu ba ya jin baƙon abu a nan.

"Su" ya fi haɗari. Na taɓa rubuta "su zo da safe", sai aka ɗauka har da iyali ake gayyata. Yanzu ina maimaita sunan mutumin, ko in ce "mai wannan suna". "Wanda" da "wadda" ma nakan kauce musu. Kada a sa "mai jinya", domin wasu za su fahimci mai kula da mara lafiya ne. "Mara lafiya" ya fi fitowa sarai.

Wasiƙun da kwamfuta ke cikewa da kanta sukan ɗauko "ka" idan gurbin jinsi babu komai. Don haka kafin a aika, ina bin kowace jimla ɗaya bayan ɗaya, sannan in tabbatar daga ofishin da ya aiko aikin cewa an tambayi mutumin yadda yake so a kira shi.