Hannun shadda ba ya ɗinka yadin tanti

Duk telan da ke Tawa ya san yadda shago yake komawa bayan Babbar Salla. Masu zaryar karɓar ɗinki sun ɗauke ƙafa, aparanti na gyangyaɗi bisa benci, maigida sai dafa shayi. A irin wannan lokaci ne da yawa daga cikinku, ƙannena, kuke fara tunanin ɗinka kayan amfanin gida da yadin tanti, wato kanbas: jakar cefane, jakar ƴan makaranta, rigar katifa, labulen ƙofa, rumfar tsakar gida, rigar bido, wato jarkar ruwa. Tunani ne mai kyau, ni ma ta nan na shigo. Aiki ne da ba ya jiran salla, ba ruwansa da yayi. Sai dai hannun nan naku da ya goge a kan shadda da atamfa, shi zai fara jawo muku asara, don yawancin abin da shadda ta koya muku yadin tanti ba ya so.

Shadda sabuwa ba a wanke ta kafin a yanka, kowa ya san wannan, ƙyallin ne kuɗin. Da wannan sabon na karɓi aikin rigunan katifa daga wata hajiya mai haɗa wa ɗiyarta kayan ɗaki. Na auna katifun, na yanka yadi cif-cif, ɗinki ya fito kamar a zana. Bayan wankin farko sai ga ta da rigunan a ƙunshe, ta ajiye min bisa tebur ta ce, "Malam tela, katifar ce ta yi ƙiba ko rigar ce ta rame?" Zif ya ƙi haɗuwa, an ja da ƙarfi har ɗinkin kusurwa ya buɗe. Daga aljihuna na sayi wani yadin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A masaƙa ana ɗaure zaren auduga a miƙe tamau, a shafe shi da sitaci, a saƙa. Ranar da ya fara shan ruwa sai ya saki jiki ya koma tsawonsa na asali. Wani yadin kan rage kusan kashi 10 cikin 100, kuma ya fi raguwa ta tsawo a kan faɗi. Katifa mai santimita 190 ke nan rigarta za ta iya rasa abin da ya fi tafin hannu. Saboda haka kafin almakashi ya taɓa yadin auduga, a jiƙa shi gaba ɗaya ya kwana a ruwa, a shanya a inuwa, a goge shi tun da sauran danshi. In aikin babba ne, yanki murabba'i mai santimita 50 kowane gefe, ka wanke, ka sake aunawa, sannan ka san metir nawa za ka sayo. Mai launi kuwa, musamman shuɗi da ja da kore mai duhu, a jiƙa shi shi kaɗai don yana zuba. Na san ruwa a garin nan ba kyauta ba ne, mai ga-ruwa ba zai yafe maka ba don kana koyon sana'a. Sa kuɗin ruwan a cikin kuɗin aiki.

Wajen saye ma akwai abin lura. Ana auna irin wannan yadi da nauyinsa, giram nawa ne a murabba'in metir ɗaya. Mai wajen 250 ya ishi rigar matashi da labule. Jakar da za ta ɗauki kaya tana son 340 zuwa 400. Daga 500 abin ya zama na rumfa da tanti, kuma baƙin keken nan namu na ƙafa, Butterfly ne ko tsohon Singer, yana fara nishi. Ba kowane mai shagon yadi zai gaya maka giram ba, to ɗaga yadin ka dubi rana ta cikinsa. In haske na ratsowa ta ƙananan huji, saƙar ba ta matse ba, taurin da kake ji sitaci ne kawai, wanki ɗaya zai tona masa asiri. Ka kuma roƙi ɗan zare daga bakin yadin ka kyasta masa ashana. Auduga na ci da wuta tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Kowanne da wurinsa, amma kada ka ɗinka wa mai tuyar ƙosai ko mai gasa nama rigar kare jiki da na roba, tartsatsi ɗaya zai narke ya manne mata a fata.

Allura lamba 90 da kuke ɗinka atamfa da ita ba ta wannan aikin ba ce. Lambar nan kaurin allurar take nufi: 100 milimita ɗaya ke nan, 110 ta ɗan fi. Sayi 100 da 110, waɗanda a jikin takardarsu za ka ga 100/16 da 110/18, kuma ka sayi da yawa, don yadin tanti na dakushe allura da wuri. Da ka ji keke na buga wani sauti "dum, dum" maimakon ƙararsa ta kullum, ko ɗinki ya fara tsallake, allurar ta gaji. Zare kuma na fi yarda da poliyesta mai kauri. Na auduga yana ruɓewa in yana shan ruwa yana bushewa, na nailan kuwa yana da ƙarfi amma rana ta fi saurin cinye shi, kuma rana ba abin da muke nema ba ne a ƙasarmu ta Adar.

Sai tazarar ɗinki, inda na daɗe ina cutar kaina ban sani ba. A shadda, ɗinki ƙanana ƙanana shi ne alamar gwani. Na ɗauka a nan ma hakan zai ƙara ƙarfi, sai na matse. Ashe kowane sukan allura rauni ne a jikin yadi, in sun yi kusa da juna sai layin ya zama kamar hujin takardar rasit, inda aka tanada don a yage. A tampol mai roba abin ya fi muni, don hujinsa ba ya rufewa har abada. Buɗe tazarar ta kai milimita 3 zuwa 4. In kana son ƙarfi, yi layi biyu, kada ka matse layi ɗaya.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku saurara da kyau, maganar hannun jaka. Ban taɓa ganin jakar yadin tanti da ta yage a tsakiyar cikinta ba. Kullum daga hannu take mutuwa, ko daga kusurwar gindi. Jakunkunan da na fara yi, sai in kalmashe baki, in soka bakin hannun a ciki, in bi da layi ɗaya. Kyau kam akwai. Wata baiwar Allah ta zuba albasar Galmi a ɗaya daga cikinsu ranar Lahadi a kasuwa, ta hau kabu-kabu, hannu ɗaya ya tsinke a hanya, albasa ta watse a titi. Mijinta ne ya zo, bai ɗaga murya ba, ya miƙo min jakar ya ce, "Malam, ga amanarka." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, duk nauyin da ke cikin jaka a wurare huɗu yake taruwa, inda hannaye suka haɗu da jiki. In wurin faɗin yatsa ne, to kilo 10 na rataye ne a kan faɗin yatsa huɗu. Aikinka shi ne ka baza nauyin. Hanya mafi sauƙi: sauko da bakin hannun ƙasa da bakin jaka kamar santimita 5, ka ɗinka murabba'i a kansa, ka ratsa cikin murabba'in daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, sannan ta ciki ka sa ƙyallen ƙarfafawa wanda ya fi murabba'in faɗi. Hanyar da ta fi wannan, wadda nake bi yanzu ga duk jakar cefane, ita ce hannun ya zama ɗamara guda mai tsawo da ta sauka ta wannan gefe, ta bi ta ƙarƙashin gindin jaka, ta hau ta ɗaya gefen. Ta haka kayan a kan ɗamarar suke zaune, yadin tare su kawai yake yi. Tana cin yadi, tana cin lokaci, amma ba a dawo min da irinta ba. Kuma ka yanki hannun ta tsawon yadi, daidai da bakinsa na masaƙa, don ta nan ne ba ya miƙewa.

Gindi a ninka shi biyu. Kusurwoyi kuwa, je ka zauna wurin dukawa ka ga yadda suke yi, garin nan ba a rasa gwanayen fata ba. Ƴar fata a kowace kusurwa, baduku ya soke maka da basilla, ta fi duk wani ado da za ka yi wa jakar. Kafin kaya su bar shago, zuba tiya huɗu ta gero a ciki, wajen kilo 10 ke nan, ka ɗaga da hannu ɗaya ka girgiza da ƙarfi. Gara ta tsinke a gabanka.

Haɗin gefe, dubi wandon jins ɗinka ka kwaikwayi ɗinkin nan kwantacce mai layi biyu, inda baki ɗaya ya naɗe ɗaya. Yana ɓoye bakin yadi, wanda in an bar shi a fili zare yake ta zubarwa. Wahalarsa ɗaya ce: shi kansa ninki huɗu ne, in ka zo kalmashe bakin jaka sau biyu a kansa ya zama ninki 12. Nan allurai suke karyewa, nan kuma na taɓa gurɓata saitin keke da taurin kai, ina taka feda da ƙarfi wai sai ya wuce. Ɗora wurin bisa katako ka daddake shi da guduma ya kwanta. Ka ninka ƙyalle ka cusa ta bayan ƙafar keke, wato ƙarfen da ke danne yadi, don ta daidaita, ka ɗauke ƙafarka daga feda, ka juya da hannu, suka ɗaya ɗaya. Kada ka ja yadin ta baya, ja ne ke lanƙwasa allura ta bugi ƙarfe.

Rumfa aiki ne mai kuɗi, kuma ita ta fi saurin zubar da mutuncin tela, don duk unguwa na ganinta. Iskar nan mai ƙura da ke gaban hadari a farkon damina, ita ce alƙali. Zoben da aka buga a yadi ninki ɗaya fizge shi take yi. Kalmasa mai faɗi, igiya a cikin kalmasar, ƙarin yadi mai kusurwa uku a kowane lungu, sannan zobba a tazarar da ba ta wuce rabin metir ba. In ka samu na tagulla ka ɗauka, na baƙin ƙarfe tsatsa suke yi su ci yadin da ke kewaye da su. Ka gaya wa mai gida a ɗaura ta da gangare, in ruwa ya kwanta a tsakiya ba ɗinkin da zai riƙe shi. Kada kuma a naɗe ta da danshi, ko a ajiye a ƙasa inda gara za ta same ta.

Na gwada shafa wa jakunkuna kakin zuma don kada ruwa ya shiga. A ƙasashen sanyi dabara ce mai kyau. A nan, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ya sa kakin ya yi laushi, ƙura ta manne, ya kuma ɓata wa wani farar rigarsa ta Juma'a. Na bari. Auduga mai matsattsiyar saƙa da kanta take kumbura in ta jiƙe ta toshe hujinta, wannan ya isa yayyafi. Tsotson ruwan nan nata ma shi ya sa ta dace da rigar bido: a jiƙa rigar, a rataye inda iska ke kaɗawa, ruwan ciki ya yi sanyi.

Tsohon tampol na manyan motoci yana da araha, yana kuma yin murfin babur ko na injin niƙa. Amma ba ka san abin da ya rufe a hanya ba, taki ne, man fetur ne, maganin ƙwari ne. Kada ka yi mazubin abinci ko shimfiɗar yara da shi.

Kuɗin aiki kuma, kada ka yanka shi da ma'aunin atamfa. Lissafa yadin da ruwa ya cinye, allurai, zare mai kauri, ladan baduku, da yinin da jaka ɗaya mai kyau ke ci. Za a ce maka leda kyauta ce. Tun 2014 aka yi dokar hana ledar nan a Nijar, ga ta nan dai tana lilo a kan kowace ƙaya, don haka ba da ita za ka yi gasar farashi ba. Masu sayenka su ne wanda ya gaji da sayen jakar makaranta sau biyu a shekara, da ɗan ci-rani mai neman abin da zai kai shi Abijan ya dawo da shi. Jakar makaranta a fara ta tun Agusta, ba a fafe gora ranar tafiya, Oktoba na zuwa iyaye sun riga sun saya.

Zif kuwa, in da hali ka guje shi. Yashi na shiga haƙoransa, shi ke fara lalacewa alhali yadin ko gezau bai yi ba. Murfi mai faɗi da maɗauri ya fi daɗewa a jaka, rigar katifa ma baki mai hawa kan baki da ƴan igiyoyi ya wadatar. In mai kaya ya nace sai zif, sa masa mai manyan haƙora, ka kuma ɗinka shi a ƙarshe, a kan layinsa shi kaɗai, yadda ranar da ya mutu za a farke a sa wani ba tare da an wargaza jakar ba.