Maganar da Za a Iya Ɗauka a Kai wa Wani

Sana'ata riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littafin lissafi ce: shige da ficen kuɗi, bashin da suke bi da wanda ake bin su, da rahoton ƙarshen wata. Aiki ne da allon talla ba ya kawo shi. Babu mai buɗe maka cikin aljihunsa don ya ga sunanka a bango, sai wanda ya yarda da shi ya ce masa, "je wurin wane." Wannan ne ya sa nake yawan zuwa tarukan 'yan kasuwa da baje koli, inda akan kai wani lokaci a ce kowa ya tashi ya gabatar da kansa cikin minti ɗaya.

Na daɗe ina sauraren wannan minti ɗayan a bakin mutane. Yawanci suna ne, sai muƙami, sai sunan kamfani, sai jerin gwano: muna harkar gine-gine, muna shigo da kaya, muna ba da shawara, da sauransu. Kafin mutum na biyar ya zauna, na farko ya ɓace mini. Mai jerin nan yana tsoron kada ya bar wani abu ciniki ya wuce shi, amma a ganina abin da yake tsoron shi yake jawo wa kansa. Wanda ya ce yana yin komai, ba a tuna shi da komai.

Abin da ya sauya mini tsari shi ne lura da cewa wanda ke tsaye a gabana da wuya ya zama shi ne mai buƙatar aikina. Mai buƙatar yana can wani wuri: ƙanwarsa ce, ko maƙwabcinsa, ko wanda yake sarar kaya a hannunsa. A 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa bincikensa kan yadda mutane ke samun aiki. Cikin waɗanda suka samu ta hanyar wani, mafi yawansu ba ta hannun aminan da suke gani kullum ba ne, ta hannun waɗanda suke haɗuwa da su jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake: amininka ya san mutanen da ka sani, labarin da ya ji kai ma ka ji. Sanin shanu shi ke shiga inda ba ka shiga. Idan haka ne, gabatarwata ba don a saya nan take ba ce. Don mutumin ya iya ɗaukarta ne ya kai wa wani, bayan makonni, ba na wurin.

To, me mutum zai iya ɗauka? Ba muƙami ba, ba sunan manhajar da nake aiki da ita ba. Matsala yake iya ɗauka, irin wadda ya taɓa jin wani na kuka da ita. Don haka yanzu bayan sunana, cewa nake: "Ina aiki da masu kasuwar da ciniki ke tafiya amma ƙarshen wata su rasa inda kuɗin ya shiga. Nakan zauna da littafinsu in nuna musu." Daga nan sai in yi shiru. Shirun nan yana da wuya, don baki na son ya ci gaba, amma a cikinsa ne mutum ke cewa, "Kai, wallahi kamar ka san yayana." Da ya faɗi haka, hira ta zama tasa, ni amsa kawai nake yi.

Gwajin da na fi yarda da shi ba a gaban madubi nake yinsa ba. Jira nake wanda muka gaisa ɗazu ya haɗa ni da wani, in kasa kunne. Idan ya ce, "Ga Malam, shi ma ɗan kasuwa ne," to babu abin da ya kama. Idan ya ce, "Wannan shi ne mai gano inda riba ke zurarewa," ko da ba kalmomina ba ne, maganar ta zauna. Sau da yawa ma yadda suke faɗa ya fi nawa daɗi, sai in ara.

Idan hira ce ta mutum biyu, ba na gaggawar fara magana. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, wace harka ake ciki?" in bi da tambayar abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya a cikinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ya gama, na riga na san ɓangaren aikina da ya shafe shi, ko kuma na gane babu, mu rabu da mutunci ba tare da na ɓata masa lokaci ba.

Wani abin da na koya shi ne faɗin wanda nake nema ƙarara. Ƙungiyar BNI ta 'yan kasuwa masu haɗa juna da abokan ciniki, wadda Ivan Misner ya kafa a Kalifoniya a 1985, a kan wannan ta ginu: mambobi na haɗuwa mako-mako, kowane reshe mutum ɗaya yake ɗauka daga kowace sana'a, kowa kuma yana da ɗan lokaci kaɗan ya faɗi irin wanda yake so a haɗa shi da shi. Ni ba mamba ba ne, amma dabarar ta yi mini. "Duk mai buƙatar akanta" ba ya kawo fuskar kowa a zuciyar mai sauraro. "Mai shago da ya buɗe reshe na biyu a bana" kuwa, nan take za ka ga idonsa ya tafi neman suna.

Katin kasuwanci ba na raba shi kamar takardar talla. Masu zagaya ɗaki suna cusa wa kowa kati suna ba ni tausayi, don na san inda katunan ke ƙarewa. Na fi son in karɓi nasa, ko lambarsa, saboda ci gaban maganar ya koma hannuna. A bayan katin nakan rubuta abu ɗaya da ya faɗa. Washegari sai in tura gajeren saƙo ta WhatsApp ko LinkedIn, in tuna masa inda muka haɗu da abin da muka tattauna. Idan na yi alkawarin haɗa shi da wani, a wannan saƙon nake cikawa. Maganar aikina ba ta shiga saƙon farko sai in shi ya tambaya.