Waken gonar Inna

Jama'a, bana waken da muke ci a gida daga gonar Inna ya fito, wadda har yau kashin shanu da tokar murhu take zuba wa ƙasarta. A irin buhun nan mai leda biyu a ciki take adana shi, a matse iska a ɗaure bakin kowacce tamau. Ƙwaron da ke ciki sai ya rasa numfashi ya mutu, ba a sa ɗigon magani ba. Da aka kwance, ƙamshin wake kawai na ji, babu warin nan mai hawa kai.

Kun dai tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari. Wanda suka ƙi ɗin, wa ya cinye? Mu mana!

Miyar ma na sauya mata hannu: daddawar kalwa, kuka, zogalen bayan gida. Yara sun yi kwana biyu suna ɓata fuska (wai daddawa ta cika wari), yanzu kuwa har faɗa ake a kan ƙanzo. Aljihu ma ya ɗan sarara, wallahi. Duk mai waken gida na sayarwa a nan Kano don Allah ya yi magana, maƙwabta sun dame ni da tambaya.