Darussa daga ɗakin bakwaini: ƙara wa nonon uwa ƙarfi

Babu abincin da ya kai nonon uwa ga bakwaini, don yana rage haɗarin ciwon ruɓewar hanji. Sai dai jaririn da aka haifa kafin mako 32, ko wanda bai kai kilo ɗaya da rabi ba, ya rasa watannin ƙarshe na ciki, lokacin da yawancin kalsiyum da fosfaras ke shiga ƙashinsa. Furotin na nonon ma raguwa yake yi bayan makonnin farko. Irin waɗannan jarirai ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 ana iya ƙara wa nonon da ake ba su garin ƙarfafawa, wato gari mai ɗauke da ƙarin furotin, kalsiyum da fosfaras, ba kowane bakwaini ba.

Ana farawa ne idan jariri ya kai shan mililita 50 zuwa 100 a kowane kilo na nauyinsa a rana. Garin kan ɗaga kalori daga kusan 67 zuwa 80 a mililita 100, ana neman jaririn ya riƙa ƙara giram 15 zuwa 20 a kowane kilo kullum.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na awo. Wani kamfanin ƙunshi ɗaya na garin ana zuba shi ne a mililita 25 na nono, wani a 50, don haka a karanta takardar duk lokacin da aka sauya kamfani. A fara auna nonon da sirinji, sannan a zuba garin, a juya a hankali har ya narke. Garin ya yi yawa, haɗin ya fi ƙarfin hanjin. Ya yi kaɗan, ƙashi ya yi laushi ba a sani ba.

Haɗin kuma ba ya son jira. Sinadarin da ke cikin nono yana farfasa sitacin garin, haɗin na ƙara yi wa hanji nauyi da lokaci, ga shi garin na iya ɗauke da ƙwayar cuta. Gara a haɗa na ciyarwa ɗaya. Idan dole ne a ajiye, to a firji, kada ya wuce awa 24, inda wuta ba ta da tabbas kuwa kada a ajiye sam.

Uwa ma tana bukatar bayani, don da yawa kan ɗauka nononsu ne ba shi da kyau, su rage tatsa. A gaya mata kai tsaye cewa ba a ba da garin sai a cikin nononta.

Ciki ya kumbura, ko amai ya zo kore, ko an ga jini a kashi, a dakatar da ciyarwa a kira likita nan take.