Kawu a Mubi, gida a Marwa: abin da doka ke nema a hannunka a kan iyaka

Ƙannena na Marwa da Garwa da Kusiri da Ngaundare, kusan kowannenmu yana da kawu a Mubi, gwaggo a Yola, ko abokin ciniki a Injamena. Shi ya sa muka taso muna ganin iyaka ba ta shafe mu ba. Tsararmu mun daɗe muna tsallakawa da Hausa da Fulatanci a baki da 'yar sefa a tafin hannu, kuma wannan sakaci ya cinye wa wasu jari, wasu ya kai su ɗakin tsaro wata da watanni. Tun daga 2014 da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, lissafin ya canza. Mai kaki a shinge yanzu takarda yake karantawa, yana kwatanta ta da wata takardar.

Tarkon da ke kama mutum a kan iyaka, a gadar Ngeli ko a Fotokol, galibi tun a meri (ofishin magajin gari) aka ɗana shi, ranar da ba a yi masa takardar haihuwa ba. Doka ta ba iyaye kwana 90 su kai sanarwar haihuwa. In lokacin ya wuce sai an bi ta ofishin mai gabatar da ƙara, in aka ƙara jinkiri kuma sai kotu ta yanke hukuncin da zai maye gurbin sanarwar. Hanyar tana da tsawo: shaidar meri cewa ba a taɓa rubuta ka a rajista ba, takardar likita mai ƙiyasta shekaru, da shaidu da suka san haihuwarka. Saboda tsawon nan ne 'yan kamasho ke cin kasuwa a bakin ofisoshi, su kawo maka takarda mai hatimi cikin kwana biyu. Kada ka karɓa. Takardar haihuwa ta gaskiya tana da uwa a cikin littafin rajista, da lamba da shekara. Ranar da ka je neman fasfo aka duba littafin ba a ga uwar ba, ka tashi daga marar takarda ka koma mai takardar jabu, kuma wannan laifi ne na kotu.

Sai rubutun suna, wanda mu Hausawan nan muka fi kowa shan wahalarsa. Magatakarda ya rubuta Oumarou da salon Faransanci, makaranta ta rubuta Oumar, banki a Najeriya ya rubuta Umar. Kai ka san duk kai ne, amma na'ura mutum uku take gani. Ka ɗauki abin da ke cikin takardar haihuwa, harafi bayan harafi, ka kwafe shi a ko'ina, ko da magatakarda ya rubuta shi a karkace. In gyara kake so, kotu ce ke gyarawa. Haka ranar haihuwa. Masu rage shekaru don jarrabawa ko neman aiki su sani zanen yatsa ba ya canzawa: da zarar yatsunka sun fito ƙarƙashin shekarun haihuwa biyu, sai a riƙe katinka, kuma warware wannan ƙulli yana iya cin shekaru.

Katin dantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa, wajibi ne daga shekara 18 bisa dokar 19 ga Disamba 1990, rashinsa kuma yana da hukuncin ɗaurin wata uku zuwa shekara ɗaya da tarar sefa 50,000 zuwa 100,000. Tun Fabrairun 2025 ana fara rajista ta intanet, a biya sefa 10,000, sannan a je a ɗauki hoto da yatsu. Fasfo kuwa sefa 110,000 ne tun Yulin 2021, yana aiki shekara biyar. Da tsada, gaskiya ne, amma ɗan kasuwan da ke zirga-zirga ya lissafa abin da yake zubarwa a shingaye cikin shekara guda don ba shi da shi.

Iyakarmu ta gabas da ta yamma ba doka ɗaya ke tafiyar da su ba. Kamaru da Cadi suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, tare da Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, kuma tun ƙarshen 2017 ƙasashen shida suka amince ɗan kowace ya shiga ɗaya ba biza har kwana 90. Wanda zai haye kogin Logon daga Kusiri zuwa Injamena, ko ta sabuwar gadar Yagwa da Bongor da aka buɗe a 2025, wannan ce kariyarsa. Izinin ziyara ne fa, bai ba ka damar kafa shago ka zauna ba. Najeriya kuma tana ECOWAS, mu ba ma ciki, don haka duk abin da ka ji a rediyo game da zirga-zirgar 'yan ECOWAS bai haɗa da kai ba. Abin da ke tsakaninmu da Najeriya yarjejeniyar 1963 ce, wadda ta ɗauke biza ga gajeriyar ziyara, ita ma kwana 90.

Kwana 90 ɗin daga hatimin shiga ake fara ƙirga su, kuma nan ne yawancin matasa ke faɗawa. Ɗan kalando, mai ɗaukar fasinja ta bayan fage, zai ce ya san hanyar daji da za ta zagaye Banki ko Sahuda, ba layi ba tambaya. Za ka isa, amma ba ka da shaidar ranar da ka shiga, kuma a shinge na gaba cikin ƙasar ba ka da amsa. In ka bi ƙofa, ka miƙa fasfonka da hannunka, kada ka haɗa shi cikin tarin da yaron mota ke karɓa ya kai ciki. Hatimi biyu kake nema: na fita a ɓangarenmu, na shiga a nasu. Kafin ka bar tagar ka buɗe shafin, ka ga tawada ta fito, kwanan wata daidai yake, kuma na shiga aka buga ba na fita ba. Jami'i da ya gaji yakan manta bai juya ranar hatiminsa ba. Gyaran minti ɗaya ne in kana tsaye a gabansa, amma in ka yi nisa babu mai saurarenka. Ka ɗauki hoton shafin ka tura wa wani a gida. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka kada wani ya ce maka ya mutu.

Baƙon da ya zo mana shi ma yana da tasa ƙa'idar. Dokar 10 ga Janairu 1997 ce ke tsara shiga da zama da fitar baƙi a Kamaru. Wanda zai zauna ya wuce ziyara sai ya nemi katin zama mai shekara biyu, bayan shekara shida a jere kuma yana iya neman na shekara goma. Zama ba bisa ƙa'ida ba yana jawo ɗaurin wata uku zuwa shekara biyu, ko tarar sefa 200,000 zuwa miliyan 2, ko duka biyun, kuma wanda ya taimaka masa bai tsira ba. Ku tuna da wannan in kun ɗauko yaron shago daga Maiduguri. Ku tuna da shi musamman in amarya ce aka kawo daga Mubi. Ɗaurin aure a masallaci ya halatta ta a addini, amma hukuma auren meri ta sani. Dokar zama ɗan ƙasa ta ba matar da ta auri ɗan Kamaru damar neman zama 'yar ƙasa a lokacin ɗaurin auren hukuma, in ta nema da bakinta. Mata da yawa sun haifi 'ya'ya, sun aurar, ba su da ko takarda ɗaya, sai ranar rabon gado ko tafiya aikin hajji abin ya fito fili.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kati biyu a aljihu ɗaya. Dokar 11 ga Yuni 1968 ta ce baligin da ya karɓi ko ya riƙe zama ɗan wata ƙasa da gangan ya rasa na Kamaru. Babban taron ƙasa na 2019 ya ba da shawarar a sassauta wannan, amma shawarar taro ba ta goge doka. Yaro ya je Yola karatu ko kasuwanci, yana buƙatar layin waya da asusun banki, sai wani ya samo masa takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, ya yi rajistar NIN, lambar shaida ta Najeriya, a matsayin ɗan Najeriya, an rubuta an haife shi a can. Alhali baƙo mai zaman halal ma yana iya samun lambar a matsayinsa na baƙo. Yanzu a ce an tsayar da motarsu tsakanin Mora da Waza, soja ya zazzage jaka, ga kati biyu, hoto ɗaya, suna ya ɗan bambanta, garin haihuwa biyu. A laifi na yau da kullum tsarewar 'yan sanda awa 48 ce da ake iya sabuntawa iyakantaccen lokaci. In kuwa aka sa zargin ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disamba 2014, tsarewar kwana 15 ce ana ta sabuntawa, kuma kotun soja ce ke shari'ar. Ba sai ka aikata komai ba, rashin iya bayanin kanka ya isa ya jefa ka ciki. Saboda haka kada ka ara wa kowa katinka ya yi rajistar layin waya, kada ka karɓi saƙon ƙulli a tasha ba ka kwance ka gani ba, ko da mai bayarwar ɗan unguwarku ne.

Kuɗi da kaya a taƙaice: tsabar da ta haura sefa miliyan 5 sai an bayyana ta ga duwan, wato kwastan. Inshorar mota ta CEMAC, katin nan mai ruwan hoda, ba ta aiki a Najeriya, can katin ECOWAS mai ruwan ƙasa ake nema. Mai kora shanu ya nemi takardar ƙetare da dabbobi daga likitan dabbobi tun kafin ya tashi. Zuwa-zuwa kuwa, wato fetur ɗin 'yan bumburutu, duk yawan masu sayar da shi a bakin titi, fasa-ƙwauri ne a idon doka.

Ku kuma koyi tantance labarin "sabuwar doka" da ke yawo a WhatsApp. Daftari sai ya bi majalisun biyu, shugaban ƙasa ya sa hannu, sau da yawa kuma sai an fitar da dokar zartarwa kafin jami'in kan iyaka ya fara aiki da shi. Gyaran dokar baƙi an sa masa hannu a Yulin 2022, dokar zartarwarsa ta fito a Maris 2023, bizar intanet ta fara aiki ƙarshen Afrilun shekarar. Rufe iyaka kuwa ba ya jiran majalisa: Najeriya ta rufe nata a Agustan 2019, sai Disambar 2020 ta fara buɗewa, kayan mutane suka ruɓe a kan hanya. Masu kwaɗayin hanyar arewa suna ta murna Nijar ta soke dokarta ta 2015 kan safarar baƙin haure a Nuwambar 2023. Sokewar ta tsaya a Agadas. Libiya tana nan da dokarta ta 2010 mai ɗaure wanda ya shiga ba izini, Aljeriya kuma tana sauke waɗanda ta kora a tsakiyar hamada, su taka kilomita 15 a ƙafa kafin su kai Asamaka.

In takardunka suka ɓata a wata ƙasa, ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa a ranar, ka karɓi shaidar ɓata, sannan ka nemi ofishin jakadancin Kamaru su ba ka takardar komawa gida. Hoton fasfo da na hatimin shiga da ka tura gida su ne za a fara tambayarka.