Godiya: jiya na kai goshina ƙasa

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Jiya Juma'a na bi sallah a cikin sahu, na yi ruku'u, na yi sujada, ba kujera. Wata 14 rabona da haka, tun faɗuwar da na yi a babur wadda ta kai ni ga aikin gwiwa. Alhamdu lillahi. Masu kira da masu takowa duba ni, ga labarin da kuke ta tambaya.

Bayan an cire ɗinki, gwiwar ta sandare, ni kuma na yi ƙiba saboda zaman wuri ɗaya. In na taka ƙasa ciwo, in na zauna nauyi ya ƙaru. Likitar sashen gashin ƙashi ce ta kawo shawarar motsa jiki a ruwa mai zurfi, amma ta ce sai miki ya rufe sarai. Na yi dariya. Ni da ko kududdufin unguwarmu ban taɓa shiga ba ina yaro, tsoron bulalar Baba!

Ashe abin bai buƙatar iya iyo. Bel ake ɗaura maka a ƙugu mai hana nutsewa, ka tsaya a miƙe a inda ƙafarka ba ta taɓa ƙasa, ruwa iya wuya. Daga nan ka yi ta gudu a wuri ɗaya, ko tuƙa keke, ko buɗe ƙafafu da rufewa kamar almakashi. Ruwan ne ke ɗauke da nauyinka, gwiwa ba ta dukan komai, amma duk inda ka tura hannu ko ƙafa sai ya tura ka, don ya fi iska nauyi wajen sau 800. Ranar farko minti 10 na yi ina haki kamar wanda ya yi noman rani, na riƙe bakin wurin ninƙayar na ƙi saki. Yanzu minti 45 nake yi, sau uku a mako. Abin da ya fi ba ni mamaki ƙishirwa: mutum na cikin ruwa tsundum yana gumi bai sani ba, shi ya sa gorar ruwa ba ta rabuwa da mu.

Likita, Allah Ya saka da alheri. Kin jure gardamata.

Koci, yaro ne sa'an ɗana na fari, amma Baba yake ce mini ko lokacin da yake yi mini faɗa: "Baba, miƙe bayanka, ka daina kwanciya a ruwa." Shi ya hana ni gaggawa lokacin da na fara jin daɗin jikina na nemi ƙara lokaci da kaina. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka mace ta gari.

Uwargida kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Ita ta ɗauki ɗawainiyar gida da ta jinya, ta rage mini tuwon dare ba tare da ta nemi izinina ba, ta kuma sha fushina a kan haka. Hajiya, ki yafe mini.

Ƙanena da ke kai ni da ɗauko ni da sassafe har cikin hunturu, da abokan aikina da suka riƙe mini ajina, da 'yan majalisarmu da suka sa mini suna Sarkin Ruwa, duk na gode. Ku na majalisa, tsiyarku ma ta yi amfani, don gudun dariyarku ya hana ni fasawa a makon farko.

Gwiwar ba ta koma kamar da ba, durƙuso mai tsawo har yanzu sai a hankali, kuma likita ta ce kada in bar ruwan. Litinin da ƙarfe bakwai ina can in sha Allahu. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.