Uwar garken da na haɗa wa shagon Kawu a Garwa

Kawuna yana sayar da kayan gyaran babur a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma kullum rigimarsa da yaran shago a kan farashi take. Wannan ya duba tsohon littafi, wancan ya faɗi abin da ya tuna. Na ce zan haɗa masa ƙaramin shafi da kowa zai buɗe a wayarsa ya ga kaya da kuɗinsu. Ya dube ni ya ce, "To ɗana, amma kada ka kawo min abin da zai cinye ribar wata."

Shafin yana buƙatar uwar garke, wato kwamfutar da za ta riƙe shi wayoyi su riƙa buɗewa daga gare ta. Da farko hankalina ya tafi kan wata kwamfuta mai suna Raspberry Pi 4, wadda ta fito a 2019. Ƙarama ce kamar sabulun wanki, cajar USB-C mai bolt 5 ta ishe ta. Na ari ta wani abokina na gwada. Watan Afirilu ne, zafin gari ya haura digiri 40, ga rufin kwano. Ita kuwa Pi da zarar ta kai digiri 80 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Wannan da sauƙi. Abin da ya karya ni shi ne wuta. Wutarmu ta arewa yawanci daga madatsar Lagdo take zuwa, in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya sai a shiga rabo. An ɗauke ta tsakar rana Pi tana cikin rubutu, katin microSD da take ajiye bayanai a kai ya lalace, aikin kwana huɗu ya tafi. Ranar ban iya cin abincin dare ba.

Wani mai gyara ya so ya sayar min da babbar kwamfutar tebur a arha. Na ƙi, don tana jan wutar da ta ninka ta laftof sau da yawa, kuma sai na saya mata batirin ajiya daban.

A shagon mai gyaran na hango wata laftof ƙirar ThinkPad 'yar gwanjo mai Core i5 a ƙarƙashin tebur, fuskarta ta tsage, ba mai so. Na ce, "Malam, batirinta fa?" Muka cire caja muka zauna muna shan shayi, ta yi awa biyu ba ta mutu ba. Nan take na biya. Tsagaggiyar fuska ba ta dame ni ba tunda daga wayata zan riƙa shiga, batirin nan kuma shi ne maganin ɗauke wuta. Na cire tsohon faifanta na sa sabon ma'ajin bayanai na SSD mai giga 128, na bar mata RAM (ƙwaƙwalwar aiki) giga 4 da ta zo da shi. Manhajojin da na ɗora mata, Debian 12 mai tafiyar da kwamfutar da Nginx mai miƙa shafin ga wayoyi, ba su cin ko rabinsa.

Sai ƙananan gyare-gyare. Na saita ta kada ta yi barci in an rufe murfi, na kuma tsayar da caji a kashi 80 cikin 100, saboda batirin da ke cike dare da rana cikin zafi yakan kumbura. Rawuta ma, na'urar da ke haɗa wayoyi da uwar garken, na haɗa ta da ƙaramin batiri, don da na manta da ita sai ga uwar garke tana aiki amma ba wayar da ke ganinta.

Yanzu tana kan kanta ta sama, a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙasanta. Da hunturu ya shigo na buɗe bayanta, na tarar ƙura ta toshe fanka kamar auduga, na share da buroshin haƙori. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci nakan kwafe bayanan a filashi in miƙa wa Kawu, ya jefa a aljihun babbar rigarsa.